Tukunya a Ƙarƙashin Babbar Riga

Zailani ya tsaya gaban wata tsohuwar tukunyar ƙasa mai gutsurarren baki, ya karkata kai yana dubanta.

"Malama, wai wannan muka biya kuɗin ƙofa mu gani? Gyatumata ta jefar da wadda ta fi ta lafiya."

"Rage murya, Malam Zailani," in ji Zubaidatu. "Ta girmi kakanka."

"Shi ma ai kyauta ake ganinsa."

Tsofaffin tayoyi Zailani yake sayarwa a Sabon Gari. Aurensa biyu sun mutu, duka bakinsa ne ya kashe su. Zubaidatu malamar firamare ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata biyu. Wata da watanni yana zarya ƙofar gidansu a Hanwa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da aka yi hutun makaranta sai ta ce ya raka su wani ɗan gidan tarihi a Samaru, ta ga zamansa da yara. Ya san jarrabawa ce. Shi ya sa ya zuba babbar rigarsa ta Sallah, ta sha sitati, cikin wannan zafi.

Zubaidatu ta ja babbar 'yarta zuwa ɗakin takubba, tana karanta mata kowane allo kamar suna aji. Aka bar shi da Naila, 'yar shekara huɗu, wadda tun a hanya take ɗurar zoɓo. Wani direba ya kira shi kan taya, suka yi ta musu a waya. Ko da ya juyo, Naila tana bayan igiyar da aka gitta gaban tukunyar, tana jan wando sama.

Ya leƙa tukunyar. Yarinya mitsitsiya, amma sai ka ce famfo aka buɗe.

"Kawu, kar ka gaya wa Momi," ta ce, idonta ya ciko. "Ta ce in na ƙara, za ta faɗa wa 'yan ajinmu."

Ya duba dama da hagu, ba kowa. Akwai famfo a waje, gindin mangwaro. Abu mai sauƙi: a zubar, a ɗauraye, a mayar. Ya sunkuci tukunyar ya cusa cikin riga, ya nufi ƙofa yana tafiyar mai tsohon ciki, abin yana ɗan motsi a jikinsa da ɗuminsa.

Mai gadi, wani dattijo mai suna Sebastian, yana kan benci da rediyonsa.

"Alhaji, da ka shigo tumbinka bai kai haka ba."

"Abinci na ci."

"A ina? Ɗaga rigar."

Kafin ka ce wani abu iyayen yara sun zagaye su, wayoyi sun tashi sama. Wata mata ta janye ɗanta ta ce irinsu ne masu shigar mutunci. Wani mai tabarau ya shiga bayanin yadda ake sace kayan kakanni a sayar wa Turawa.

"Wane Baturen ne zai sayi wannan?" in ji Zailani. "Sai dai mahaukaci."

Sai ga Zubaidatu ta ratso taron. Ta dubi tukunyar, ta dube shi.

"Malam Zailani, mene ne haka?"

Bai taɓa jin muryarta ta yi sanyi irin wannan ba. Sebastian ya ce magana ta 'yan sanda ce, ya fizgi tukunyar, abin ciki ya fantsamo masa a hannu. Ya kai hanci. Ya sake kai hanci.

Naila tana maƙale da hijabin uwarta, ido ɗaya a waje, a kan Zailani. Kalma ɗaya zai faɗa, kowa ya yi dariya ya ce ai yarinta ce, a watse. Ya gyara zaman hularsa.

"Ni ne. Ciwon suga gare ni. Fitsari ya matso ni, ban ga bayi ba. Wankewa zan yi in mayar musu da abinsu."

Wani ya fashe da dariya, saura suka bi.

"Haba Alhaji," in ji Sebastian. "Da furfurarka?"

"Ka kai shekaruna ka gani."

"Na girme ka."

"To ka gode wa Allah."

Aka ba shi omo da soso. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna a gindin famfo yana cuɗa tukunyar, yara sun yi masa da'ira. Ko takubban ba su samu 'yan kallo haka ba.

Suka hau Keke Napep zuwa gida. Zailani yana gaba, gefen direba, yana kallon titi. Aure na uku ke nan ya mutu, ya ce a ransa, wannan ko ɗaurawa ba a yi ba. Wajen Palladan Naila ta yi barci. Uwar ta ɗago ta za ta gyara mata kwanciya, hannunta ya taɓa bakin wandon, ta ji danshi. Ta ɗan tsaya. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙeyar Zailani, ta mai da kai waje.

A ƙofar gida ya sauko ya miƙa mata jakar yaran, ya juya zai hau.

"Malam Zailani."

"Na'am."

"Baffana yana gida ranar Juma'a, in za ka turo mutanenka." Ta gyara Naila a kafaɗa. "Sai dai ka shirya abin da za ka ce masa kan sugan nan. Bidiyon ya riga ka isa wayarsa."