Awon Hamsatu

Shekara arba'in da ɗaya Malam Issoufou yana ɗinki a unguwar Gamkalle, bai taɓa rubuta awon kowa ba. Sau ɗaya zai ɗora maka santimeta, wato igiyar awo, ya ɗan motsa leɓe, shi ke nan ka shiga kansa. Telan da ke riƙe littafin awo kuwa ɗan koyo yake ce masa, ko da ya yi furfura. Shi ya sa abin da ya faru bara ya yi masa ciwo: ya yanka wa wani Alhaji shadda da awonsa na tun kafin ya ajiye tumbi.

Ƴarsa Nafissa ta san abin da ke damunsa, don karatunta ke nan. Shekara uku tana tsallaka gada zuwa jami'a a Lamorde, tana bincike kan yadda ƙwaƙwalwa ke tsufa. Wata rana yana sa wa keken ɗinki mai ta yi masa bayani.

"Baba, iskar da ke rayar da mu ita ke cin mu a hankali. Ƙwaƙwalwa ga ta ƙarama, ga cin iska. In jiki ya yi aiki da iskar, akwai dattin da ke saura yana lahanta ƙwayoyinta. Da ƙuruciya jiki na share shi. In girma ya zo, ɓarnar ta fi sharar yawa."

"Tsatsa ke nan," in ji shi.

"Kusan haka."

"To tsatsa ai mai ake sa mata."

Ta gwada nata man. Zogale da yakuwa da tumatir daga lambunan bakin kogi, tafiyar ƙasa bayan la'asar, ta kuma raba shi da ƙosan da ake soyawa a man da ya yi baƙi. Ta san ba magani ba ne, likita ma ya faɗa. Amma mutum ba ya naɗe hannu yana kallon ubansa.

Da aka sa ranar da za ta kare bincikenta gaban malamai, sai maganar riga ta taso. Tun ranar da ta shiga jami'a ya ce shi zai ɗinka mata ta wannan rana, kuma wannan kam bai manta ba. Inna Latifa, ƙanwar mahaifiyarta, ta ba ta shawarar ta kai wa wani tela a ɓoye. Nafissa ta ƙi. Ta san in ya gan ta da ɗinkin wani, a ranar zai rufe kekensa, ba kuma zai sake buɗe shi ba. Tsoronta ɗaya, kada ya ɓata rigar ya gane da kansa.

Sai ta yi dabara irin ta ƴan boko. Bayan ya auna ta, ta rubuta lambobin a takarda ta sa ƙarƙashin almakashinsa. Washegari ta tarar ya goge man keke da ita.

Kwana shida ya yi a kan rigar. Ɗinki kam ba a magana, ko zare ɗaya bai kauce ba. Da ta sa, kafaɗa ta zarce tata da yatsa uku, tsawon kuma bai kai idon sawu ba. Gaban madubi ta gane awon wa aka yanka. Mahaifiyarta Hamsatu gajera ce mai faɗin kafaɗa, shekara tara ke nan da rasuwarta. Zuciyar Nafissa ta karye, amma ta fito ta tsaya masa.

Ya kewaye ta, ya kama kafaɗar rigar, hannunsa ya tsaya a wurin. Ta ga shakka tana shigar masa fuska.

"Kin rame ne?"

"Karatu ne, Baba."

Ya saki rigar. "Kafaɗa arba'in da huɗu, hannu hamsin da biyu. Wannan awon ko daga barci aka tashe ni ba na kuskuren sa."

"Daidai ne, Baba," ta ce.

Ba ta bari kowa ya rage ta ba, ko allura ɗaya. Haka ta tsaya da ita gaban malamai biyar tana bayanin abin da shekaru ke yi wa ƙwaƙwalwa, kafaɗar tana zamewa tana gyarawa. Malam Issoufou na kujerar gaba yana gaya wa na kusa da shi cewa ɗinkinsa ne. Inna Latifa ta iso a makare. Daga bakin ƙofa ta hango rigar, ta gane awon yayarta, ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, ta koma waje sai da ta gama kukanta.