Hantar Hajjo

Kullum da hantsi Hajjo kan tsaya gaban majalisar maza, ƙarƙashin tsamiyar bakin kasuwar Kurawa, ta ɗora farar ƙwaya a harshe, ta kora da ruwan buta, sannan ta wangale baki.

"Ku duba! Na haɗiye ko ban haɗiye ba?"

Dattawa sai su sunkuyar da kai. Mace ba ta tsayawa a nan, amma wa zai kore ta? A wannan inuwar ƙanenta Bawa ya ce ba ta shan maganin asibiti, a masai take zubarwa ta koma wa saiwoyi. Hujjarsa ita ce Lailatu ta Gangara. Ciwon dajin nono ya kama su su biyun, aka yi musu aiki a Sakkwato, aka ba su ƙwaya iri ɗaya. Lailatu ta murmure har tana sussuka, Hajjo kuwa ƙullutu ya sake tsiro mata gefen tabon. Bawa ya rantse ba zai ƙara bin hanyar Sakkwato mai hatsari ba saboda mai wasa da magani. Ita ko ba ciwon ne ya fi ci mata rai ba. Ƙaryar da aka laƙa mata ce, da furfurarta.

Da dattawan suka gaji da kallon haƙoranta, suka tilasta wa Bawa ya mai da ita asibiti.

Likita Zahra'u ta ɗebi jini ta aika gwaji. Ranar da suka koma, likitar ta jawo kujera kusa da Hajjo.

"Inna, kin sha, ga shi nan a jininki. Sai dai maganin nan kamar gero yake, sai hanta ta daka shi yake aiki. Taki ba ta dakawa sosai. Halitta ce, daga iyaye ake gadonta. Wata kuma nan da nan tata ke gamawa."

"To a ba ta biyu-biyu mana," in ji Bawa.

"A'a. Ga mai shekarunta akwai wani maganin da ba ya jiran wannan dakan. Mu cire ƙullutun, mu koma kan wancan maganin."

Hajjo ta juya. "Mi tac ce, Bawa?"

"Na ji, Yaya. Ki gafarce ni."

"Nan kaz zage ni? Za ni gafarta maka, amma gindin tsamiya."

Washegari bayan la'asar majalisa ta cika. Bawa ya cire hula yana murzawa, ya yi ƙus-ƙus.

"Ɗaga murya, ɗan nema!" in ji Hajjo. "Ƙaryarka har garin Tsamaye an ji ta."

"Yayata ta sha maganinta," ya ce da ƙarfi. "Hantarta ce ba ta karɓe shi ba. Ni na yi mata ƙazafi."

Malam Is'haƙa, tsohon da kunnensa ya yi nauyi, ya miƙo wuya. "Mi yaron ga yac ce?"

Hajjo ta tuɓe takalmi, ta zauna gefen tabarmar maza, ta miƙe ƙafafu.

"Sake mashi, Bawa. Tun daga farko."