Reshe a Hular Haddu

Haddu ya sa fartanya ya buɗe wa ruwa hanya, ya bi shi da ido har ya kai gindin bishiyar tuffarsa, sannan ya ɗaga kai don ya gaishe ta kamar yadda ya saba kowace safiya. Nan ya ga abin. Can ta gefen gabas wani sabon toho ya lanƙwashe kai kamar lauje, ganyensa sun yi baƙi kamar an kara musu garwashi, amma ba su zube ba.

Fartanyar ta suɓuce daga hannunsa.

Haddu fa ba mutumin da ke razana ba ne, a tambayi kowa. Farin da ya share tumakin kwarin nan a kan idonsa aka yi, bai gusa ba. Shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar garin Midelt, a ƙafa ya keto ta da buhun sha'ir a kafaɗa, ya bar mata 'yan yatsun ƙafa biyu, bai ko waiwaye su ba. Amma yau sai da ya dafa bishiya kafin ya iya miƙa hannu. Ya taɓa reshen, wani ruwa mai danƙo ya manne masa a yatsa. Ƙuna ce. Cutar nan da ta taɓa shigowa kwarin ta mai da gonaki toka, wadda ba ta da magani sai gatari da wuta.

Kuma ta rasa ranar zuwa sai yau.

Tun da sanyi ya fara wasa da mutane, tuffar Turai da kowa ya dasa ta rikice. Sai ta yi fure ba kan lokaci ba, raɓa ta daskare ta kashe furen, abin da ya tsira ƙishi ya ƙarasa shi. Shi ne manoman kwarin suka haɗa kai suka kafa ƙungiya. Suka ɗebi garin furen jar tuffar Turai da gashin kaza, suka shafa wa furen tsohuwar bishiyar da uban Haddu ya bari, 'yar ƙasa mai ƙananan 'ya'ya masu tsami, wadda ba fari ba sanyi da ya taɓa ba ta tsoro. Irin da aka samu aka raba gida gida, kowa ya shuka ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru. Na wasu ya mutu. Na wasu ya yi 'ya'yan da ko alfadari sai ya yamutsa fuska. Guda ɗaya ce ta fito yadda ake so, ja, mai zaƙi, mai jinkirin fure, mai haƙurin ƙishi. A gonar wa kuwa za ta fito in ba ta Haddu ba?

Yau bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, kowane ɗan ƙungiya zai zo da jiƙaƙƙen buhu, a yankar masa rassa, ya je ya cire idanunsu, wato wuraren da toho ke fitowa, ya yi wa ƙananan bishiyoyinsa aure da su. Yau kuma za a raɗa mata suna: Tuffar Haddu. Sai dai akwai alkawarin da aka shafa wa Fatiha tun ranar farko. Duk bishiyar da ƙuna ta taɓa, ba a ɗaukar ido daga jikinta, a ranar za a sare ta a ƙone, ko ta wane ne.

Ya zaro wuƙarsa ta aure. Yanka ɗaya, reshen ya faɗo hannunsa. Ya duba sauran rassan, kore shar, 'ya'ya sun yi nauyi har suna ranƙwafo da su. Reshe ɗaya ne kawai. Wa ya sani, watakila iyakarta ke nan.

"Kai tsohon gurgu! Kana raye ko in shigo da likkafani?"

Mbarak ne, maƙwabcinsa, yana tsallako katanga yana tari. Tare suka yi kiwo tun suna yara, kuma tun daga lokacin ba su taɓa gaisawa ba zagi ba. Haddu bai ga inda zai jefa reshen ba. Ya kai hannu baya ya cusa shi cikin hular jallabiyarsa, wadda ke rataye a gadon baya, inda kowa ke ajiye ƙwai da na'ana'a in ya dawo daga kasuwa.

"Likkafanin ka riƙe kayanka, kai za a fara naɗewa," in ji Haddu. "Me ka zo sata da sassafe?"

"Na zo ganin amarya." Mbarak ya tsaya a gaban bishiyar ya riƙe ƙugu. Zagin ya ƙare masa. "Haddu, na gyara ƙananan bishiyoyina duka, suna jira. Tun da ƙuna ta cinye gonata ban sake kwana da rai a kwance ba sai bana. Ɗana ma ya ce in wannan ta kama, zai bar aikin birni ya dawo gida."

"To, ai sai ka gode wa Allah ka gode wa Haddu."

"Allah dai na gode masa. Ba ni wuƙarka in yanka ɗaya in ɗanɗana."

"Wuƙata ba ta aro."

"Tun yaushe?"

"Tun yau. Ka ci da haƙori, in akwai saura."

Wuƙar da ta taɓa ƙuna, ƙuna take rabawa. Haddu ya mai da ita aljihu, ya ja Mbarak suka nufi gida.

Niyyarsa ɗaya: ya kai ga tanderun gurasa ya jefa reshen a wuta, magana ta mutu. Amma ya tarar da tsakar gida ta cika da mata, ana murza kuskus, ana gasa gurasa, kuma a bakin tanderun Itto ce zaune tana gyara itace. Itto ita ce shugabar ƙungiya, 'yar wani amininsa da ya rasu. Gonar ubanta ta riƙe ta fi maza da yawa, kuma idonta ba ya barin komai ya wuce.

"Kawu Haddu, ina kwana? Me ya kawo ka wurin mata?"

"Garwashi nake so na shayi."

"Za a kai muku. Kawu, lafiya? Na ga fuskarka wani iri."

"Fuskar da ta ga abin da ba ki gani ba ce, 'yata. Ni da na yi kwana uku a cikin dusar ƙanƙara..."

"Mun sani, Kawu, da buhun sha'ir." Matan suka kwashe da dariya. "Tsaya, hularka ta karkace, bari in gyara maka."

Ya ja da baya da sauri har ya taka kwanon zaitun. "Bar ta! Haka nake son ta."

Kafin hantsi ya ɗaga, gonar ta cika. Motocin a-kori-kura da alfadarai sun jeru a bakin hanya, an shimfiɗa darduma a inuwa, butar shayi tana zagayawa. Ba a bar Haddu shi kaɗai ba ko na ƙiftawar ido. In ya tashi, wani ya riƙe hannunsa ya yi masa barka. In ya nufi bayan gona, wani ya bi shi yana tambayar yawan ruwan da take sha. Ya zauna ya jingina da katanga, reshen yana sukar sa a tsakanin kafaɗu. Aka yanka tuffar aka zagaya da ita a faranti. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar tauna.

"Wallahi ko a kasuwar birnin Fas ba a taɓa sauke irin wannan ba," in ji wani.

"Baba Haddu, ba ka ce komai ba. Yau bakin ya gaji?" in ji wani kuma.

Da wata rana ce, da sai an roƙe shi ya yi shiru. Ya buɗe baki ya ce, "Ai na gaya muku tun farko, jinin bishiyar ubana ba ya faɗuwa ƙasa." Maganar ta fito, amma ba daɗi, kamar shayin jiya. Aka kawo kuskus, ya dunƙula loma ɗaya ya yi ta juya ta a tafin hannu. Yana kallon buhunan da aka jera a bakin magudanar ruwa, jiƙaƙƙu, kowanne da gonar da za shi. Ya ce wa zuciyarsa, zan yanka musu daga gefen yamma, nesa da wurin. Zuciyar ta ce masa, kai ne ka taya Mbarak sarar gonarsa, ka san yadda take tafiya a ƙarƙashin ɓawo ba a gani.

Aka kira la'asar. Maza suka yi alwala a magudana suka ja sahu a kan darduma, Mbarak a damansa. Haddu ya yi kabbara, kansa na can wurin gatari. Da aka yi ruku'u bai ji komai ba. Da aka kai goshi ƙasa, sai hular ta kifo masa a ƙeya, kamar yadda takan yi wa duk wanda ya manta da kaya a cikinta. Wani abu ya goge kunnensa ya faɗi.

Ya ɗago daga sujada. Ga reshen nan a kan darduma, baƙi, lanƙwashe, tsakaninsa da Mbarak.

Babu manomin tuffar da zai ga wannan lanƙwasa ya nemi bayani, balle Mbarak. Sai a sujada ta biyu gefen jallabiyar Mbarak ya zamo a hankali ya rufe reshen. Sauran raka'o'in, Allah kaɗai ya san abin da Haddu ya karanta.

Aka sallame, aka shafa addu'a, mutane suka miƙe suka nufi buhunansu. Haddu ya zauna yana jiran ihu. Mbarak ya matso kamar mai gyara masa wuyan riga, ya mai da reshen cikin hular, ya daddanna.

"Kayanka ya faɗi," ya ce a hankali.

"Mbarak, reshe ɗaya ne. Na duba ko'ina, wallahi sauran..."

"Ban tambaye ka ba."

Ya tashi ya tafi abinsa.

Itto ta tafa hannu. "Jama'a, rana ta yi sanyi. Kawu Haddu ne zai fara yanka, hakkinsa ne. Wa ke gaba?"

"Ni," in ji Mbarak. Ya ture samari biyu ya tsaya a gaban bishiyar, ya buɗe bakin buhunsa da hannu biyu. "Ni zai fara yanka wa. Ka zaɓo mini masu kyau, tsoho. Gobe da asuba zan ɗaura su a kan duk abin da na mallaka."

Aka yi dariya, ana cewa zumuɗi. Haddu ya taho yana ɗingishi. Ya kamo wani reshe ta gefen yamma, lafiyayye, mai idanu cike. Ya zaro wuƙa ya ɗora. Mbarak bai kalli reshen ba, Haddu yake kallo, buhu a buɗe.

"Bismillah mana, Kawu," in ji Itto.

Haddu ya saki reshen ya koma sama. Ya juyo ya fuskanci taron.

"Makafi!" Muryarsa ta dawo, irin wadda ake ji daga ƙetaren kwari. "Tun hantsi kuke zagaya bishiyar nan kamar masu ɗawafi, kuna lashe baki. Masu tabarau, masu waya, har da waɗanda suka yi karatu a birnin Miknas. Ba wanda ya ga komai! Sai da tsoho mai yatsun ƙafa takwas ya duba muku." Ya kai hannu baya ya fizgo reshen ya ɗaga shi sama. "Wannan mene ne?"

Wata mata ta yi salati. Itto ta karɓi reshen da gefen mayafinta, ta juya shi, ta dubi inda aka yanke shi, ta ga yankan ya riga ya bushe. Ta ɗaga ido ta dubi Haddu, ta daɗe.

"Yaushe ka gan shi, Kawu?"

"Na gan shi lokacin da ya kamata in gan shi."

"Idonsa idon shaho ne," in ji Mbarak, yana naɗe buhunsa. "Tun muna yara haka yake."

Sai surutu ya ɓarke. Wani ya ce wahalar shekaru ba za ta tafi a banza don tsinke ɗaya ba. Wani ya ce a yanka daga ɗaya gefen, a wanke wuƙa, Allah ya tsare. Har an fara gyaɗa kai.

"Duk wanda ya kai hannu jikin bishiyar nan sai na karya shi," in ji Haddu. "Fatiha muka shafa, ba waƙa muka yi ba. Sunana ba zai shiga gonar kowa da wuta a hammata ba. A kawo gatari."

Aka kawo. Wani saurayi ya miƙa hannu zai karɓa, Haddu ya harare shi ya janye.

"Ku fara tsinke 'ya'yan tukuna. Kowa ya ci, amma wanda ya haɗiye mini ƙwayar iri ko ɗaya, sai ya amayo ta. Itto, ki tara su a kwano, a raba gida gida kamar wancan karon."

"Kawu, ka san ba ita za su haifo ba. Kowace ƙwaya da halinta."

"A cikinsu akwai wadda ta fi uwarta. A gonata kuma za ta fito."

Mbarak ya gatsa tuffa, ya tofa ƙwayoyin a tafinsa, tari ya sarƙe shi. "Kafin su yi 'ya'ya fa shekaru ne, tsoho. Kai da ƙafarka ɗaya ke cikin kabari."

"Ɗayar ta ishe ni jira. Kai dai ka nemi maganin tarin nan, don ba na son in ɗanɗana ni kaɗai."

Ya jira har aka sauke ta ƙarshe. Sannan ya tuɓe jallabiyar ya miƙa wa Mbarak, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ce kowa ya matsa.