Sabis Ya Kai Ɗakuna

Tana wucewa da kofin shayi a hannu Auta ta ga Baba yana goge soket da gefen rigarsa. Doguwar soket ce mai ramuka da yawa, shi da kansa ya sa aka sayo ta aka ajiye a gefen kujerarsa. Babu filogi ko ɗaya a jikinta. Ya hura ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mata zama a kan kafet, sannan ya ɗago.

"Auta, yaran nan makaranta suka tafi?"

"Yau Asabar, Baba. Suna ɗaki."

"Au, suna ciki." Ya dubi korido. "Barci ne. 'Ya'yan zamani da barci."

Ta san ba barci ba ne, don ta ji dariyar Dogo, ɗan yayanta, ta bango tun da safe. Ta ajiye masa shayin, a nan idonta ya faɗa ƙarƙashin kujera. Jakarsa ce, wadda aka ɗora a saman kwaba tun ranar da ya zo. An sauko da ita, kuma ta yi ƙiba.

Baba tela ne, har idonsa ya gaji da ramin allura. Bayan rasuwar Inna shi kaɗai yake zaune a gidansa, har ranar da ya zame a banɗaki ya karya ƙugu. Daga asibiti Yaya, babban ɗansa, ya wuto da shi nan gidan, inda Auta ma take zaune tun da ta gama jami'a. Tun a mota Baba ya kafa sharaɗi. "Ranar da na taka, ranar zan koma. Ni ba tsohon keke ba ne da za a jingine a lungu a yafa masa zane."

Aka ajiye masa kujera a falo, ƙarƙashin kantar da rautar gidan take, wato na'urar da ke ba da waifai. Ba wanda ya zaɓi wurin da wata manufa, nan ne kawai ke kusa da taga. Gidan kuwa bangonsa kauri gare shi, waifai ba ya wuce bakin korido. Duk mai son sabis sai ya fito falo. Dogo, babban ɗan Yaya, yakan zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar kujerar. Ƙanwarsa Gimbiya takan ɗare hannun kujerar. Matar Yaya ta kwaso yanke-yankenta daga kicin ta jingina waya da kwano. Baba na tsakiya yana ba da labarin masu kawo ɗinki, ana cewa "Kai, Kaka!" ido na kan waya, wani lokaci kuma a yi dariya ta gaske har a ajiye wayar.

Ya zama sarkin caja. Duk igiyar da wuyanta ya fara tsagewa sai ya naɗe ta da zare, tsaf kamar bakin maɓalli: ja na Dogo, ruwan hoda na Gimbiya, baƙi na Yaya. Wata rana Auta ta ji shi yana waya da ƙaninsa, Baffa.

"Yaran nan ko numfashi ba sa bari in yi. Ɗaya a ƙafata, ɗaya a kafaɗata. Anya zan iya tafiya in bar su kuwa?"

Ranar kowa ya yi ajiyar zuciya, don likita ya ce bai kamata ya sake zama shi kaɗai ba. Aka tsayar da magana cewa Baffa zai zo da mota wannan Asabar ɗin. Ko ya tafi da Baba, ko in Baba ya yarda ya zauna, ya ba shi makullin gidansa ya je ya ɗauko masa keken ɗinkinsa.

Auta lissafi take koyarwa ta kwamfuta, ɗalibanta na garuruwa daban-daban. Ita ma a falon take aiki, da abin ji a kunne. Baba kuwa ba ya ganin fuskar mutum ya ƙi gaishe shi. Yakan leƙo ta kafaɗarta ya ce wa ɗalibi, "Sannu samari, ina gajiya? Wa ya ɗinka maka rigar nan? Ya cuce ka a wuya." Sai ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna masa allon, shi ma ya ɗora nasa yana dariya ƙasa-ƙasa. Da shugabarta ta yi mata magana a kan hayaniya, kunya ta hana ta barci. Washegari ta shiga layin masu kayan waya.

"Wannan ba shi da suna, amma ya san aikinsa," in ji mai shagon, yana miƙa mata ɗan farin akwati mai kunnuwa biyu. "Ki ja masa kebul daga rauta, ki kafa shi inda sabis ke mutuwa, ki ba shi sunan waifai ɗin gidanku da lambar sirrinsa. Ko a banɗaki sai kin yi kallo."

Baba ne ya auna mata tsawon kebul ɗin da tef ɗinsa na tela, yana zaune yana ba da umarni. "Bi gefen silin. Kar ki ja da ƙarfi, ki bar masa sarari kamar hammata." Shi ya riƙe mata ƙananan ƙusoshin a tafin hannu, yana miƙo mata ɗaya-ɗaya.

"Wai aikin me zai yi?"

"Sabis zai kai ɗakuna, Baba."

"Madalla. Allah Ya yi miki albarka."

Akwatin ya yi aiki fiye da kuɗinsa. Tun daren farko Dogo ya zare cajarsa. Gimbiya ta ƙara kwana ɗaya, ita ma ta zare. Matar Yaya ta koma kicin. Ba wanda ya yi da mugun nufi, kowa na gaishe shi safe da yamma, a tsaye, hannu a kan ƙofa. Auta ta samu shirun da take nema, sai da aka kwana biyu ta gane shirun daga falo yake fitowa.

Yanzu ga jaka a ƙarƙashin kujera, Yaya kuma ya tafi wurin aiki sai yamma. Ta yi tunanin shiga ɗakin yaran ta ce su fito su zauna da kakansu. Amma za su fito ne da fuskar waɗanda aka aiko, Baba kuwa daga nesa yake gane aike. Ta tsaya a korido tana kallon koren idon akwatin. Filoginsa na ƙasa, bayan kantar takalma. Ta waiga, ta sunkuya, ta zare shi.

Ba a jima ba ƙofa ta buɗe.

"Gwaggo! Sabis ya ɗauke!"

"Ya lalace, ina jin," ta ce, ba ta kalli Dogo ba. "Bar shi, zan mayar wa mai shagon."

Suka fito kamar kajin da aka buɗe wa akurki. Dogo ya zube a ƙasa ya jingina da ƙafar kujera. Gimbiya ta ɗare mazauninta. Filogi biyu suka shiga soket.

"A'a, yau wace rana!" Baba ya gyara zama. "Gimbiya, na ce ko kin yi sabon kaka ne a cikin wayar."

"Kai ma ai ka tsufa da yawa, Kaka, canza ka zan yi."

"Ki canza, ki ga mai naɗe miki caja. Kawo ta nan, ji yadda kika karya mata wuya. Auta, miƙo mini gwangwanin zare."

Ta miƙo masa. Ya zaro zaren ya fara naɗe wuyan cajar. Ya fara labarin wani mutum da ya kawo yadi aka auna shi, ya ɓace shekara guda, ya dawo da tumbi yana rantsuwa tef ɗin tela ne ya yi ƙarya. Auta ta jingina da bango. Muryarsa ta dawo yadda take, har da kwaikwayon tafiyar mai tumbin daga zaune. Ta ce a ranta, in dai aka kai zuwan Baffa a haka, shi ke nan.

Matar Yaya ta fito daga kicin da tire a hannu ɗaya, waya a ɗaya.

"Dama na faɗa, araha ba ta ado. Ga shi mun koma gidan jiya, sai mutum ya zo falo ya tsuguna kafin ya samu sabis."

Zaren ya tsaya a hannun Baba.

"Wato a nan kaɗai yake kamawa?"

"Ai dama can, Kaka," in ji Dogo, yatsunsa na gudu a kan waya. "Kafin Gwaggo ta sa akwatin nan ko'ina babu. Nan gefen kujerarka ma ya fi ko'ina ƙarfi, shi ya sa nake rigan Gimbiya."

"Ƙarya kake, hannun kujera ya fi!"

Baba ya ɗaga kai a hankali ya dubi rautar da ke saman kansa, da ƙananan fitilunta masu ƙyaftawa. Ya daɗe yana kallonta kamar yau aka kawo ta. Sannan ya dubi ƙeyar Dogo, ya dubi Gimbiya. Labarin mai tumbi ya tsaya a inda mutumin ya ɗaga riga, ba wanda ya tambayi ƙarshensa.

Ya ajiye cajar a cinyar Gimbiya ya jawo sandarsa.

"Bari in ɗan taka. Likita ya ce kar in bar ƙugun ya yi tsatsa."

Auta ta bi bayansa. A korido ya tsaya ƙarƙashin akwatin, ya bi igiyarsa da ido daga sama har ƙasa, ya tura kantar takalma da bakin sanda. Ga filogi nan kwance, tsaf, kusa da ramin da ya fito.

"Baba…"

"Tela ya san ɗinkin da ya farke da kansa, ya san wanda aka farke da hannu."

Ya fara sunkuyawa. Ta kai hannu za ta riƙe shi, ya girgiza kai. Ya dafa bango, ya sauka a hankali yana cije leɓe, sai da ya yi lalube kafin filogin ya shiga. Suka tsaya su biyu suna kallon idon akwatin. Ya yi ja, ya yi ta ƙyaftawa, ya koma kore.

"Ya dawo!" Dogo ya yi ihu daga falo.

Suka zo suka wuce su a korido, suna raɓawa ta gefe. Gimbiya ta ɗan rungumi hannunsa. "Kaka injiniya! Ashe ka iya gyara." Ƙofa ta rufe, wata ma ta rufe.

"Wallahi suna son ka, Baba." Muryarta ta fito ƙarama. "Ba don sabis kaɗai ba ne. Ni ce ban yi tunani ba. Zan cire shi gaba ɗaya, in koma falo da aikina."

"Na san suna so na. Ni ma ina son su." Ya kakkaɓe gwiwarsa. "Abu ya yi kyau, ya kai ko'ina, a kan me za ki cire? Ni na auna shi, ai. Je ki, ɗalibanki na jira."

Lokacin darasin ya yi da gaske. Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, amma ba ta rufe duka ba. Sabis cike, hoto garau, ko yankewa babu. Ɗalibin ya fito a allo da rigar nan mai karkataccen wuya.

"Malama, ina Kaka? Kwana biyu ban gan shi ba."

"Yana lafiya," ta ce. "Buɗe shafin jiya."

Suna tsakiyar lissafi ta ji tsayuwar mota a waje, ba a danna hon ba. Ta ji muryar Baffa ƙasa-ƙasa, ta ji an ja jaka a kan kafet. Ta ba ɗalibin tambaya mai tsawo, ta kashe makirfo, ta fito.

Daga bakin korido ta hango falon. Baffa ya riga ya fita da jakar. Baba na tsaye a jingine da kujera, cajar Gimbiya a hannunsa, wadda ta manta a falo. Yana ƙarasa naɗin da ya fara. Ya ƙulle, ya yanke zaren da haƙori, ya naɗe igiyar ya ajiye a hannun kujera, ya ɗora gwangwanin zaren a gefenta. Sannan ya dubi korido, ƙofofi a rufe, ƙarar wasan Dogo na fitowa ta ƙarƙashin ɗaya, matar Yaya na dariya da wata a waya daga kicin.

Idonsa ya faɗa kan Auta. Ta buɗe baki za ta kira yaran.

Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna mata ɗakinta.

Ya ɗaga sandarsa don kar ta ƙwanƙwasa tayil, ya dafa bango har bakin ƙofa, ya fita, ya jawo ta a hankali har ta kama.