Giɓin Ƙwaryar Inna Murja

Malam Sharhabilu ba ɗan masassaƙa ba ne, ko a dangin nesa babu wanda ya taɓa riƙe gizago. Malamin firamare ne a Talata Mafara, sassaƙa kuma ta kama shi ne da girma, kamar yadda wasu ke kamuwa da kiwon tantabaru. In an tashi makaranta sai ya zauna gindin dalbejiyar tsakar gida ya yi ta feƙe itace, matarsa Husaina kuma ta bi da tsintsiya tana cewa ita dai ta huta da sayen makamashi.

Ya yi cokula, ya yi kujeru 'yan tsugunno guda biyu, ɗaya ma tana ɗingishi. Amma bana wani aiki ya sa a gaba, kuma da shi yake kwana yake tashi.

Mahaifiyarsa, Inna Murja, tana Maradun. Da ƙuruciyarta ita ce gwanar zanen ƙwarya a unguwarsu, yanzu kuwa shekara huɗu ke nan idonta ya rufe. Ƙoren da ta zana duk sun farfashe, saura guda ɗaya mai ɗinki biyu a ɗakin Husaina. Sharhabilu ya ƙudura zai mayar da zanen nan jikin akushi, ya sassaƙe gefe-gefe ya bar zanen ya taso, yadda Inna za ta shafa da yatsu ta gane aikinta. Abin da yake so ke nan, ta gane da kanta ba tare da an faɗa mata ba.

Ranar kasuwa ya tafi Bakura wurin Ɗanasabe masassaƙi neman itace. Shi ƙirya ya yi niyya, saboda ƙarko.

"Malam, ƙirya turmi aka yi da ita," in ji Ɗanasabe. "Wagga 'yar wuƙa taka karyewa za ta yi. Gawo ko, gara za ta cinye maka. Ɗauki maɗaci, shina karɓar zane, ƙwari kuma ba su son ɗacinai."

Wata uku ya yi a kan akushin. Zanen jerin haƙora ne masu tsini kewaye da baki, ƙasansu layuka a sarƙe. Da ya zo ƙirga haƙoran ƙwaryar sai ya ga wuri ɗaya babu haƙori, giɓi ne kawai. Tausayi ya kama shi, ya ce wataƙila ranar hannunta ya gaji, ko kuwa shi ne ya yi kuka a goye ta ajiye wuƙar. A matsayinsa na mutumin da ya shekara ashirin yana gyara littattafan yara da jan biro, ya cike giɓin a nasa aikin, haƙora suka tashi cif. Bai shafa man sheƙi na kanti ba, don kada ya dushe kaifin zanen. Man kaɗe ya riƙa murzawa kullum da tsumma har itacen ya yi ja wur, ya yi laushi a hannu.

Wata Asabar da hantsi ya isa Maradun. Suka gaisa da Inna, ta tambayi Husaina, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya da ruwan bana. Sannan ya ɗora mata akushin a cinya, ya zuba mata ido kamar ɗan jarabawa.

Ta shinshina. "Maɗaci," ta ce. Yatsunta suka bi layukan ƙasa, fuskarta ta fara washewa. Ta hau kan haƙoran, ta zagaya, ta sake zagayawa, sai ta tsaya.

"Aiki ya yi kyau. Amma wanga zanen Taiba ne, ta bayan masallaci."

"Inna, naki ne! Daga ƙwaryarki na kwafa."

"To ina giɓin?"

Ya ce ya ɗauka kuskure ne, ya gyara.

Inna ta yi dariya har tana tari. "Kai dai malam ne har gida. Ni da Taiba wuri guda munka koya, zanenmu guda. In anka yi biki ƙore sunka haɗe, da mi kake so in gane tawa? Haƙori guda nika bari. Duk Maradun an san haka, ɗana kaɗai bai sani ba."

Kunya ta rufe shi, daɗi kuma ya cika shi, don rabon da ya ji wannan dariyar tun kafin idonta ya tafi.

"Kana tahe da wuƙar?"

Ya zaro ta daga aljihu ya sa mata a tafi. Ya buɗe baki zai ce ta yi a hankali, sai ya ga yadda ta riƙe ƙotar, ya rufe bakinsa. Ta laluba da babban yatsa, ta zaɓi haƙori ɗaya, ta kafa wuƙar ta ɗauke shi a yanka biyu. Sabon itace ya bayyana, fari-fari a tsakiyar ja.

Ta busa wurin, ta shafa, ta rungume akushin a ƙirjinta.

"Yauwa," ta ce. "Ka gaya wa Husaina, wanga ba ya zuwa biki."