Tunkiyar Alkasum da Farar Riga

Alkasum na riƙe da ƙafafun tunkiya, amma idonsa na kan farar rigar Illiya. Shekara ashirin yana fiɗa a mahautar Agadas, ga shi an ce masa mai riƙon ƙafa. Illiya kuwa, ƙanen matarsa, da bai taɓa yanka ko zabo ba, don ya yi lakwal, wato boko, shi ke duba kwalba yana rubutu.

Shekarar farin nan ce da soja ke tsaron buhunan dawa da bindiga. Likita Seydou ya dawo daga Dakar da wani aiki: a soka wa tunkiya siririn tiyo a kaluluwar ƙirji, a tari ruwan huhunta ɗigo-ɗigo, a auna. Tumaki goma sha biyu ya aro, suna cin dusa safe da yamma, na gari na faɗuwa a bakin rijiya. Ta Alkasum na ciki, ita kaɗai ta rage masa, har ta fara sheƙi.

"Yaya, riƙe da kyau mana," in ji Illiya. "Kana ɓata mini lissafin ɗigo."

A gaban likita fa ya faɗa. Wata biyu ke nan Alkasum yana haɗiye abin da ya sani.

"Likita, wannan ruwa ba na huhu ba ne shi kaɗai. Kaluluwar nan tana sha daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki."

"A wane littafi ka gani?" in ji Illiya.

Alkasum bai kula shi ba. Ya danna ƙarƙashin haƙarƙarin tunkiyar, ɗigo ya ƙara gudu. Ya saki, ya lafa. Sau uku.

Likita ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya rufe littafin Illiya.

"Duk aikin ya tashi. Sai an ɗaure waccan hanyar, kuma da sababbin tumaki. Illiya, ba shi rigar. Waɗannan a mayar wa masu su yau."

Da la'asar aka ga Alkasum ya biyo ta kasuwa, ya ƙi gajeriyar hanya, farar riga har gwiwa, yana jan tunkiya. A gida babu dusa, babu ko kara. Matarsa Tabawa ta dube shi, ta dubi tunkiyar.

"Me za ta ci?"

Yana nan tsaye, sai ya ji ana jansa ta baya. Tunkiyar ce ta kama bakin rigar tana tauna.