Lambar Genowefa a Kulle Take

Ranar bikin sunan Genowefa, bikin da ake yi duk shekara a ƙasarsu a ranar waliyyiyar da ta ci sunanta, ɗanta Zdzisław ya hawo bene da furanni niƙi-niƙi, ya sumbaci hannunta kamar mutumin kirki. Ita kuwa tana ganin yawan furannin ta san da magana a ƙasa, don ɗan nan nata ba ya kashe sisi inda ba zai ci riba ba.

A tebur akwai ƙanwarta Leokadia, ga kek ɗin cuku, ga shayi da lemun tsami. Tsohuwar tela ce Genowefa. A garin Radom ta ƙarar da ƙarfinta kan keken ɗinki, kuma abin da ta tsira da shi bai wuce ɗakuna biyun nan da take zaune a ciki da sunanta mai tsabta ba.

Sunan ma an so a ɓata mata shi. Da kaka wasu suka addabe ta da kira, wai ta ɗauki waya mai tsada bashi ta ƙi biya, ita da ko saƙo ba ta iya turawa. Ba ta sha wahalar gano mai aikin ba. Mutum ɗaya ne ya riƙe katin shaidarta lokacin da take kwance a asibiti, shi ne kuma ya sa ta sa hannu a takardar wakilci, wai don ya riƙa karɓo mata fansho. Zdzisław ke nan. Ta ɗaura ɗankwali, ta hau bas zuwa ofishin ƙaramar hukuma, ta ce a kulle mata lambarta ta ɗan ƙasa. Ma'aikaciyar ta yi mata bayani cewa daga yau babu bankin da zai ba da rance da lambar, babu lauyan da zai buga hatimin sayar da gidanta, sai in ita ce ta buɗe da kanta. Genowefa ta ce ai abin da ya kawo ta ke nan.

Sai da Zdzisław ya cika cikinsa da kek sannan ya fara kewaye-kewaye. Wai benen ya yi mata tsawo, gwiwoyinta sun gaji, ya samo mata gidan tsofaffi mai lambu a bayan gari, har mai sayen ɗakunan ma ya samu. Matsala ɗaya ce, da suka je wajen lauya aka duba aka ce lambarta a kulle take. Ya ce ba shakka na'ura ce ta yi kuskure.

"Ba na'ura ba ce," in ji Genowefa. "Ni na kulle abata."

"Ke, Mama? Wa ya koya miki wannan?"

"Kai mana, ɗan albarka. Ranar da ka sayi waya da sunana."

Leokadia ta ajiye cokalinta. Zdzisław ya yi wuƙi-wuƙi, sai ya koma magiya. Shagonsa na gyaran mota ya durƙushe, masu binsa bashi sun sa shi gaba, ya riga ya karɓi kafin alƙalamin ɗakunan. Ta dai je gobe ta buɗe, in an gama ta sake kullewa. Tausayinsa ya kama ta sosai, don ta san wannan karon gaskiya yake faɗa. Amma ta girgiza kai.

Nan fa ya miƙe, ya ce in haka ne ta manta da shi, ta kuma manta da Jagoda. Jagoda ita ce 'yarsa, jikar Genowefa ɗaya tilo, wadda ke zuwa duk Lahadi ta koyi ɗinki. Maganar ta soki tsohuwar har ƙashi, kuma ya san za ta soke ta, shi ya sa ya faɗa.

"Yaya, ki dai duba," Leokadia ta ce a hankali. "Ɗanki ne fa."

"Na sani. Ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba, balle ya kai ni ajiya." Ta miƙa masa tafin hannu. "Ba ni makullin ƙofata."

Ya daɗe yana kallonta, yana jiran ta sauko. Da ya ga ba alama, ya zare makullin ya wurga a tebur, ya ɗauki rigar sanyinsa ya fice.

Sai da ƙarar takunsa ta ɓace Genowefa ta zauna ta fashe da kuka, kuka na gaske. Leokadia ta dafa ta, ta tambaye ta ko ta raka ta ofishin gobe a buɗe, a huta.

Genowefa ta share ido da gefen ɗankwali. "Kukan ɗana nake yi, Leokadia, ki bar ni in yi. Amma lambar nan, ko gawata aka zo ɗauka, a kulle za a same ta."